Daga Wittenberg Zuwa Numan: Tarihin Luteran da Ya Kamata Ɗan Arewa Ya Sani

Zuwa ga 'yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, na Ibadan da Ife da Legas, da na Nsukka da Fatakwal da Kalaba da Uyo. Rubutun yau dogo ne, don haka wanda ke da lakca yanzu ya ajiye shi sai dare. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa kuma ya kwantar da hankali, babu hoto babu bidiyo.

Duk wanda ya yi shekara guda a nan ya san yadda ake mana kuɗin goro. Da ka ce daga Arewa kake an gama yanke hukunci: Bahaushe ne, Musulmi ne, "aboki" ne. Abin yana mana ciwo, kuma da gaskiyarmu. To amma mu ɗin, wane irin sani muka yi wa Arewar? Mu nawa ne muka san cewa mutumin da ya shugabanci babbar ƙungiyar majami'un Luteran ta duniya daga 2017 zuwa 2023 ɗan Adamawa ne, sunansa Musa, kuma hedkwatar majami'arsa tana Numan? Mu nawa ne muka san yadda aka yi aƙidar da ta taso daga wata ƙaramar jami'a a Jamus ta zo ta yi saiwa a bakin kogin Binuwai, har ana rera waƙoƙinta da Hausa?

Ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma muhawarar addini ba. Tarihi ne, kuma tarihinmu ne, ko a masallaci kake ranar Juma'a ko a majami'a ranar Lahadi.

MALAMIN JAMI'A DA BATUTUWA 95

Mu fara raba wani ruɗani. Martin Luta na wannan labari ba shi ne Martin Luta King na Amurka ba. Na Amurka sunan wancan ya ci, kuma tsakaninsu akwai shekara ɗari huɗu da wani abu.

An haifi Martin Luta a garin Eisleben na ƙasar Jamus a 1483. Mahaifinsa mai harkar haƙar ma'adinai ne, burinsa ɗansa ya zama lauya. Yaron ya fara karatun shari'a a Erfurt, sai a 1505 ya watsar ya shiga gidan zuhudu. Ya samu digirin dakta a 1512, ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a Jami'ar Wittenberg, wadda ita kanta a 1502 aka kafa ta. Wato sabuwar jami'a ce a ƙaramin gari, irin wadda a yau za mu ce ba ta kai sa'ar Ibadan ko Zariya ba.

A lokacin, Majami'ar Katolika tana bayar da wasu takardu na sassauci. A koyarwar majami'a, takardar tana rage horon da ya rage wa mutum ne bayan ya tuba an gafarta masa. Amma a kasuwa da dandali, masu wa'azi irin su Johann Tetzel sun mai da abin ciniki: kawo kuɗi, a fitar da mahaifiyarka daga azabar tsarkakewa bayan mutuwa. Wani kaso na kuɗin yana tafiya Roma don gina majami'ar Bitrus, wani kason kuma yana tafiya biyan bashin da babban bishop Albrecht na Mainz ya ci a hannun attajiran gidan Fugger lokacin da yake neman muƙaminsa. Talaka dai shi ke biya.

Ranar 31 ga Oktoba 1517, Luta ya aika wa Albrecht wasiƙa tare da batutuwa 95 da yake son a yi muhawara a kansu. Labarin da ya shahara shi ne ya manna su a ƙofar majami'ar fadar Wittenberg, wadda ita ce kamar allon sanarwar jami'a a lokacin. Da Latin ya rubuta su, harshen malamai. Ka ga kenan takardar semina ce ta malami mai shekara 33. Abin da ya canza lissafi shi ne injin ɗab'i, wanda Gutenberg ya ƙirƙiro wajen 1450. Nan da nan aka fassara batutuwan zuwa Jamusanci aka buga, suka bazu fiye da yadda hukuma za ta iya tarewa.

Fafaroma Leo na 10 ya kore shi daga majami'a a farkon 1521. A watan Afrilun shekarar aka gurfanar da shi a garin Worms gaban Sarki Charles na 5, aka ce ya janye abin da ya rubuta, ya ƙi. Aka ayyana shi a matsayin wanda doka ba ta kare shi. Mai mulkin yankinsu, Frederick na Saxony, ya sa aka ɗauke shi a hanya kamar an sace shi, aka ɓoye shi a ganuwar Wartburg. A wannan ɓuya ne ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa Jamusanci cikin kusan mako 11. An buga shi a Satumbar 1522, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma a 1534. A 1525 ya auri Katharina von Bora, wadda ita ma daga gidan zuhudu ta fito, daga nan auren fastoci ya zama ruwan dare a wannan ɓangare. A 1530 abokin aikinsa Philip Melanchthon ya tsara bayanin aƙidarsu aka karanta shi a Augsburg, kuma har gobe wannan bayani shi ne ginshiƙin Luteran a ko'ina suke.

ME SUKA YI IMANI DA SHI?

A taƙaice abu huɗu ne, yadda su da kansu suke bayyanawa.

Na farko, ceto kyauta ce daga Allah, alheri ne, ana karɓarsa ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Ba a sayensa da kuɗi, ba a cin sa da yawan aiki. Aikin kirki yana biyo baya ne kamar yadda 'ya'ya ke biyo itace, kuma maƙwabci ake yi wa shi.

Na biyu, Littafi Mai Tsarki yana gaba da maganar kowane shugaba ko taron malamai. Shi ya sa dole a fassara shi, dole kuma a koya wa mutane karatu. Ku riƙe wannan batu, za mu dawo kansa a Numan.

Na uku, duk mai bi yana da matsayi ɗaya a gaban Allah. Manomi da ungozoma da maƙeri, kowa aikinsa kira ne, ba fasto kaɗai ba.

Na huɗu, Allah yana tafiyar da duniya ta hanya biyu: ta wa'azi a zukata, da ta hukuma da doka a cikin al'umma, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

A wajen sujada kuwa, Luteran ba su yi nisa da Katolika kamar yadda wasu majami'u suka yi ba. Suna yi wa jarirai baftisma, suna bin kalandar majami'a, suna da tsayayyen tsarin addu'a, kuma sun gaskata Almasihu yana nan da gaske a cikin Jibin Ubangiji. Luta ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa a 1529 don iyaye su koya wa yara a gida, har yau da shi ake shirya matasa. Sannan ya dage cewa jama'a duka su riƙa rera waƙa da harshensu, ba 'yan mawaƙa kaɗai ba.

INDA TARIHIN YA YI DUHU

Tarihin da ya zama yabo zalla ya koma kirari. Lokacin da manoman Jamus suka yi bore a 1524 zuwa 1525, wasunsu suna kafa hujja da koyarwarsa, Luta ya goyi bayan sarakuna ya rubuta a murƙushe su. Ana ƙiyasta mutum kusan 100,000 suka mutu. A 1543 ya yi wani mummunan rubutu a kan Yahudawa, wanda 'yan Nazi suka tono suka yi amfani da shi bayan shekara kusan 400. Majami'un Luteran da dama sun fito fili sun yi tir da wannan rubutu. A 2010 kuma, a Stuttgart, ƙungiyarsu ta duniya ta nemi gafarar mabiya ɗariƙar Mennonite saboda zaluncin da kakanninsu suka yi musu. Rabuwar da ta faro daga 1517 tana cikin abin da ya haifar da yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya ɗaiɗaita Jamus.

Ga wani abu da zai ba 'yan uwa Musulmi mamaki. Zamanin Luta shi ne zamanin da Daular Usmaniyya ke kan ganiyarta, har Sarki Sulaiman ya yi wa birnin Biyana ƙawanya a 1529. Luta ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan Turkawa da Musulunci. Amma lokacin da hukumar birnin Basel ta hana buga fassarar Alƙur'ani ta Latin, har ta tsare mai ɗab'in, Luta ne ya rubuta musu wasiƙa ya ce a bari a buga. An buga a 1543 da gabatarwarsa a ciki. Ba don ƙauna ya yi ba, so yake Kiristoci su karanta don su yi raddi. Sai dai ta wannan bugu ne malaman Turai da yawa suka fara ganin ma'anar Alƙur'ani da idonsu maimakon jita-jita. Tarihi yakan yi irin wannan: mutum ya shuka abu da niyya ɗaya, a girbe wani.

DAGA DANMAK ZUWA BAKIN BINUWAI

Ƙasar Danmak ta koma Luteran a hukumance a 1536, zamanin Sarki Christian na 3. Daga can igiyar ta zo mana, ba daga Jamus kai tsaye ba.

A 1904 wani Bajamushe mai suna Karl Kumm da abokansa suka kafa ƙungiyar mishan da aka fi sani da SUM, suka buɗe tasharsu ta farko a Wase. Kalmar "Sudan" da ke cikin sunan ba ƙasar Sudan ta yau take nufi ba, tsohon sunan nan ne na Larabawa, Biladus Sudan, faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara. Kumm bai ɓoye manufarsa ba: yana so a jera tashoshin mishan a tsakanin ƙabilun da ba su musulunta ba kafin Musulunci ya isa gare su. Gwamnatin Ingila kuma, wadda ta ci Yola a 1901 ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, don haka ta taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi ta tura su wasu yankunan. Wannan siyasa ce ta zana taswirar addini da ta makarantun boko da muke rayuwa a cikinta har yau.

An kafa reshen SUM na Danmak a 1911. A 1913 suka turo mutum uku: likita Niels Brønnum, da matarsa Margaret, da ma'aikaciyar jinya Dagmar Rose. Ba su daɗe da isowa ba Margaret ta rasu bayan haihuwa. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Brønnum ya ci gaba shi kaɗai ya haura Binuwai har Numan, inda kogin Gongola ke haɗuwa da shi, a ƙasar Bachama. Oktoban 1913 ne majami'ar take ƙirga wa a matsayin mafarinta, shi ya sa ta yi bikin cika shekara 100 a 2013.

Su waye Bachama? Mutanen bakin kogi ne masu sarautarsu ta Hama Bachama, waɗanda suka tsare 'yancinsu a ƙarni na 19 lokacin da daular Fombina ta Modibbo Adama ke faɗaɗa. Ba fili fetal Brønnum ya tarar ba. Ya tarar da mutane masu addininsu da tsarinsu da lissafin siyasarsu. Da magani ya fara, sai makaranta, sai fassara zuwa Bachamanci. Daga Numan aikin ya bazu zuwa wurare irin su Lamurde, Shelleng, Guyuk, Pella da Dashen, cikin Mbula da Lunguda da Kanakuru da Kilba da Chamba da sauransu.

Nan ne ya kamata mu gyara wani tunani. Turawan ba su taɓa yawa ba, zazzaɓi yana kwantar da su, yaƙe-yaƙen Turai suna yanke musu hanya da kuɗi. Waɗanda suka taka ƙauye-ƙauye 'yan ƙasa ne: masu bishara, malaman aji, ma'aikatan ɗakin shan magani, da mata. A 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa biyar na farko. A 1955 majami'ar ta shiga cikin waɗanda suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wato TEKAS, wadda daga baya ta koma TEKAN da aka sauya Sudan da Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1950 ta tsaya da ƙafarta, kuma a 1960, shekarar 'yancin kai, aka zaɓi Akila Todi shugaba ɗan ƙasa na farko. Shi ne ya zama bishop a 1973. Bayansa David Windibiziri, sai Nemuel Babba, sai Musa Panti Filibus. Wannan ita ce majami'ar da ake kira LCCN. Makarantarta ta horar da fastoci tana Mbamba kusa da Yola, an sa mata sunan Brønnum, kuma tana da hannu a kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru.

Makarantun mishan ɗin nan su suka samar da 'yan bokon farko na waɗannan ƙabilu, kuma daga cikinsu aka samu waɗanda suka shiga siyasar tsakiyar Nijeriya a shekarun 1950, suna neman a dama da su. Masanin tarihi ɗan Danmak Niels Kastfelt ya yi littafi guda a kan wannan a 1994. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa wasu 'yan uwanmu ke ɗari-ɗari da kalmar "Arewa", daga nan zai faro.

YADDA HAUSA TA SHIGA MAJAMI'A

Ku tuna ƙa'idar Luta: kowa ya ji Littafi da harshensa. To ya za a yi a yankin da kowane tsauni da harshensa? 'Yan mishan ba su da mutane ko kuɗin fassara cikin harsuna barkatai. Sai suka jingina da Hausa, wadda fatake da ma'aikatan gwamnati suka riga suka shigo da ita. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a ciki. Daga nan makarantar Littafi da Hausa, littafin waƙoƙi da Hausa, taron shekara da Hausa.

Duba ikon Allah. Mishan da ta zo da niyyar tare yaɗuwar Musulunci ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da harshen Kano da Sakkwato ya shiga ƙauyukan da jihadi bai ci ba. Mutumin Guyuk da na Pella da na Ganye, in sun haɗu a majami'a, da Hausa suke gaisawa. Kuma kalmomin addinin da suke amfani da su namu ne duka: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, addu'a, azumi, tuba, gafara, alheri. Ma'anar wasu ta bambanta tsakanin addinan biyu, wannan gaskiya ne, amma rijiya ɗaya ake ɗiba. Shi ya sa in ka ji wani a Facebook yana cewa Kirista bai isa ya ce "Allah" ko "in Allah ya yarda" ba, ka san bai san cewa kakar wancan da wannan kalma ta yi addu'a har ta koma ga Mahaliccinta ba.

Amma abin yana da tsada. Yayin da Hausa ke haɗa su, ƙananan harsuna suna ja da baya. Akwai matasa da yawa a Adamawa da Taraba da ba sa iya doguwar hira da harshen iyayensu. A majami'un birni kuma Turanci ya fara ture Hausar ita ma. Don haka tambayar da Luta ya ɗaga a Wartburg tana nan da ranta a Numan: wane harshe ne na mutane? Mu Hausawa da muke kuka Turanci na cinye mana harshe, ya kamata mu fi kowa fahimtar mai kuka Hausa na cinye nasa.

LUTERAN NA BIYU, A NAN INDA MUKE

'Yan uwa na Uyo da Kalaba za su ce ai suna ganin allon Luteran a nan ma. Haka ne, amma gida daban ne. Mutanen Ibesikpo na ƙasar Ibibiyo sun samu saɓani da mishan ɗin Qua Iboe da ke yankinsu, musamman a kan ilimi da horar da ɗansu ya zama fasto. Suka haɗa kuɗi suka tura Jonathan Udo Ekong Amurka a 1928 ya yi karatu ya kuma nemo musu mishan. Ya haɗu da Luteran na Amurka, kuma a 1936 Henry Nau ya iso. Hedkwatarsu tana Obot Idim kusa da Uyo.

Ka lura da bambancin: a Numan mishan ce ta zo neman mutane, a Ibesikpo mutane ne suka je neman mishan. Sannan uwar ɗakin na Kudu, wato ɓangaren Missouri na Amurka, masu tsauri ne a aƙida, ba sa naɗa mata fastoci, alhali LCCN tana naɗawa. Suna ɗaya, tushe ɗaya, tafiya daban. In wani ya ce maka "Kiristoci duk ɗaya ne", daidai yake da wanda ya ce babu bambanci tsakanin Izala da Tijjaniyya da Ƙadiriyya.

YAU FA?

An kafa ƙungiyar Luteran ta duniya a 1947 a Lund ta ƙasar Siwidin, kuma majami'un da ke cikinta suna da mabiya sama da miliyan 70. A 1999 ta sa hannu da Katolika a kan matsaya guda game da batun ceto, batun da ya raba su tun farko, a garin Augsburg ɗin dai. A 2016 Fafaroma Francis da kansa ya je Lund aka yi addu'a tare. Rigimar shekara kusan 500 ke nan aka zauna aka sassauta da tattaunawa.

Nauyin kuma ya karkato Afirka. Majami'un Turai suna raguwa, na Habasha da Tanzaniya suna cikin mafi girma a duniya, LCCN kuma tana ƙirga mabiya sama da miliyan 2. A watan Mayun 2017, shekara 500 cif da batutuwa 95, aka zaɓi Babban Bishop Musa Panti Filibus shugaban ƙungiyar a taron Windhoek na Namibiya. Shi ne ɗan Afirka na biyu bayan Josiah Kibira na Tanzaniya. Da wa'adinsa ya cika a 2023, wanda ya gaje shi bishop ne daga Danmak, Henrik Stubkjær. Wato ɗan ƙasar da ta turo Brønnum ya karɓi kujera daga hannun ɗan majami'ar da Brønnum ya fara, bayan shekara 110.

A gida kuwa, ƙarfin majami'ar yana hannun zumuntar mata, da ankonsu da gangunansu da tulun kiɗa. Su ke ziyarar marasa lafiya, su ke tsayawa a biki da makoki, su ke cika taron shekara na Demsa. Ƙalubalenta kuma sanannu ne. Matasa suna tafiya majami'un zamani masu kiɗa da alkawarin arziki, kuma fastocin Luteran da yawa suna kallon wa'azin "shuka kuɗi ka girbi albarka" a matsayin takardun Tetzel sun dawo da sabuwar riga. Taron Windhoek ma a kan haka ya tsaya: ceto da ɗan Adam da halitta ba kayan sayarwa ba ne.

Sai babban ciwon, tsaro. Numan ta ga rikicin addini a 2004. Boko Haram ta kama Mubi a 2014, ta kori Musulmi da Kirista daga gidajensu a arewacin Adamawa. A ƙarshen 2017 rikicin makiyaya da manoma ya ci rayuka a ƙauyukan Numan, aka kashe mata da yara na Fulani, aka kashe na Bachama, aka ƙone ƙauyuka. Kowane gida yana da kabarin da yake nunawa. Amma a cikin wannan majami'ar ne kuma aka samu David Windibiziri, wanda tun shekarun 1990 ya riƙa shirya zaman tattaunawa tsakanin malaman Musulmi da na Kirista, a lokacin da yin hakan yake jawo wa mutum zargi daga nasa mutanen.

ME YA RAGE MANA?

Abu uku nake so mu ɗauka.

Na farko, ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa. A duba, su waye ke zuwa taro, su waye suka daina zuwa, kuma me ya sa? In kullum lokacin taro yana cin karo da sujadar wasu, in kullum ɓangare ɗaya ke buɗe taro da addu'a, in ba a taɓa ba ɗan Numan ko ɗan Zuru ko ɗan Tafawa Ɓalewa muƙami ba sai na jeka-na-yi-ka, to sunan ƙungiyar ya fi ta faɗi. Ɗan uwanmu Kirista na Arewa sau biyu ake mai da shi baƙo a nan: ɗan Kudu ya ce masa Bahaushe, mu kuma mu ce masa ba namu ba. Ranar da rikici ya tashi a gari kuwa, Allah ya kiyaye, mai neman "aboki" ba ya tambayar sunan baftisma. Mota ɗaya za mu nema.

Na biyu, masu neman batun bincike, musamman 'yan tarihi da harsuna da nazarin addinai: ga fili nan. Takardun lardin Adamawa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, Gidan Arewa yana nan, yawancin wasiƙun 'yan mishan kuma da harshen Danmak aka rubuta su, wato labarin ya fi fitowa ta bakin baƙo. Tsofaffin da suka yi makarantar mishan kafin 1960 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin zumuntar mata kaɗai sun isa kundin digiri na biyu a sashen Hausa. In ba mu ɗauka ba, wani zai zo daga waje ya ɗauka, mu dawo muna sayen littafinsa da dala.

Na uku, sanin tarihin wani ba shiga addininsa ba ne. Malamanmu na da sun karanta labarin al'ummomin da suka gabata ba su fita daga nasu ba. Wanda ya san daga inda maƙwabcinsa ya fito, da wuya a ruɗe shi da saƙon WhatsApp mai layi uku.

'Yan LCCN da ke cikinmu, ku ƙara mana da abin da kuka ji daga iyaye da kakanni, musamman sunayen masu bisharar farko na garuruwanku da harshen da ake sujada da shi a can yanzu. Sauran 'yan uwa, tambaya a buɗe take, amma da ladabi. Wanda ya zo da zagi, ko daga wane ɓangare yake, zan goge ba tare da sanarwa ba.

Allah ya ba masu jarrabawa sa'a, ya sassauta zukatan masu duba kundinmu, ya mai da mu gida lafiya.